Murabba'i Na Goma Sha Bakwai

Shekara talatin da ɗaya a ɗakin tiyata na Shika
ina miƙa allura, wani na ɗinki.
Na aje aiki, hannu ya ƙi ajewa.
Yakan riga ni farkawa, yana lalube cikin mayafi
kamar wanda ya yar da canji a duhu.

Shi ya sa kowace Laraba nake shiga Tudun Wada
wurin Iro tela, jikin mai gyaran fanka.
Yakan tara mini abin da almakashi ya rage:
kunnen atamfa, wutsiyar shadda,
leshin da bai fi tafin jinjiri ba,
karan-miski yatsa biyu.
"Baba Delu, wannan fa shara ce."
Na ce, to, auno mini sharar.
Ba ya karɓar kuɗi.
Goro yake karɓa, shi ma sai fari.

A kan akoko nake shimfiɗa su, ba awo, ba layi,
kowa ya kwanta inda ya sami wuri
kamar masu jinya a barandar asibiti.
Ja ya jingina da tsanwa, ba su san juna ba.
Ni ce mai haɗa su gaisawa:
sarƙa a nan, ƙashin kifi a can,
maɓalli maraya a kusurwa,
tsakiya uku da suka tsira daga abin wuyan da ya tsinke.

Na taɓa kai wa Malam Barau na Limancin Kona,
wanda aska takwas ta cinye masa ido ɗaya.
Ya juya shi, ya sake juyawa.
"Ina gabansa?"
Na ce ba shi da gaba.
"Riga dai tana da doka," in ji shi.
Ya daɗe bai ce komai ba.
Sai ya kama babban yatsana ya gyara masa zama,
ya jawo ragowar tsamiya daga ƙarƙashin buzu
ya ce kar in gaya wa yaransa.

Sha shida sun tafi lafiya.
Na sha bakwai ne ya tsaya mini a wuya.

Aljihu ne.
Na farke shi daga kaftanin Ɗantala,
farin nan da yake sawa ran Litinin zuwa ofis a Kongo.
Ga tabon biro a gindinsa, shuɗi, kamar taswirar wata ƙasa.
Sau nawa na yi masa faɗa?
Rufe biro, Malam, rufe biro!
Na sa lemon tsami, na sa kanwa,
na dirje har yatsuna suka yi fari.
Tabo ya ce yana nan.
Ga shi kuwa yana nan.
Mai biron ne ya tafi.

Da farko na ce zan mai da shi fure,
in yi masa ganye, in rufe shi da alharini.
Na zura zare. Na zare.
Kwana tara yana kan tabarma muna kallon juna.

Jiya bayan la'asar, hadari na haɗuwa ta wajen Kufena,
na ɗauki baƙin zare, siriri,
na bi gefen tabon a hankali,
ɗauri ɗaya, yanka, ɗauri ɗaya, yanka,
irin ɗinkin da na kalla shekara talatin da ɗaya.
Wannan ne karon farko da na rufe ciwo da hannuna.
Bakin aljihun na bar shi a buɗe.

Hanne jikata ce ke zura mini allura in an ɗauke wuta.
Ta ce, "Kaka, yaushe bargon nan zai ƙare?"
Na ce sai sun cika arba'in.
Ta ƙirga da yatsu, ta tura baki.
Ban gaya mata ba
wani daren nakan warware na jiya.

Da safe na ga ta cusa hannu a aljihun.
Ta ce ba komai a ciki.
Na ce ki bar hannun tukuna.