Ɗinki na Bakwai

Ranar Talata bayan la'asar wayata ta yi tsuwwa.
Ina bakin rumfar Baba a Domayo,
warin bagaruwa na tasowa daga jiƙon fata,
shi kuma yana huda jar fatar akuya da basilla.
Saƙo ne da Faransanci, babu ko sallama:
an sauke hotunan jakunkunanku goma sha tara,
zanen da ke jikinsu mallakar wani ne.

Na fassara masa. Bai ɗaga kai ba.
Ya ce, "Wani wa? Ɗan gidan wa?"
Na ce, kamfani ne, Baba, ba a san ƙofarsa ba,
na'urarsa ta kalashe hotunan duniya,
ta kwanta tana tuƙa kamar saniya,
abin da ta amayo suka kai aka buga wa hatimi.
Ya ce, "To." Ya tsinke zare da haƙori.

Sawun kurciya muke kiran zanen.
Kakana Jatau ya fara shi
shekarar da ruwan Kaliyawo ya shiga ɗakin kakata.
Ɗinki shida a miƙe, na bakwai a karkace,
don aska ta taɓa shiga babban yatsansa,
ya warke a sandare, bai sake lanƙwasuwa ba.
Baba ya koya a haka, har da karkatar,
bai san aibi ba ne sai da ya yi gemu.

Da dare na buɗe shafinsu,
na buɗa hoton da yatsu biyu.
Jaka a kafaɗar wata doguwa, kuɗinta buhun dawa takwas.
Na ƙirga. Shida a miƙe.
Na bakwai a karkace.
Abin da ba shi da yatsa
ya gaji ciwon yatsan kakana.

Metir Hamajoda yana saman kantin magani,
fankarsa na kuka, takardu sun kai masa ƙirji.
Ya ce ana ta shari'ar irin wannan a ƙetare,
alƙalai ma bakinsu bai zo ɗaya ba:
wani ya ce na'ura ɗaliba ce, karatu take yi,
wani ya ce ɗalibin da ya shiga ta taga sunansa daban.
"An ce a biya wasu, amma masu lamba.
Kuna da lamba? Kun yi rajista a Yawunde?
Wace shekara, wane wata, wa ya sa hannu?"

Baba ya ɗora tafinsa a kan tebur,
kanta bisa kanta, baƙin kuloko a ƙarƙashin farce.
Ya ce, "Sali na Kakatare ya ɗauki zanen nan,
goro ya kawo, ya ambaci Jatau, na sa masa albarka.
Ba mu taɓa hana maƙwabci wuta ba.
Amma wanda ya ɗebi garwashi a kasko
ba ya dawowa ya ce murhun nasa ne."

Metir ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.
Ya ce babu gurbin wannan magana a takarda.
Jaka goma muka biya kuɗin zama.

Akwatin ƙorafinsu harafi ɗari biyu yake ci.
Na sa sunan Jatau, na sa yatsan, wuri ya ƙare.
Na zaro tsohuwar gafakarsa daga ƙarƙashin gado,
na kakkaɓe furfurar danshi, na ɗauki hoto, na tura.
Yau kwana arba'in da ɗaya: ana dubawa.

Jiya wuta ta ɗauke, na haska masa da wayar.
Ɗaya, biyu, uku, basilla na shiga tana fita.
Da ya kai na shida ya tsaya,
ya duba yatsansa, lafiyayye, mai iya miƙewa.
Na riƙe numfashi.

Ya karkata.