Ƙarfe Takwas a Valparaíso

Ƙarfe takwas, kullum ƙarfe takwas,
sai fuskar Ximena ta daskare a allon kwamfuta,
baki a buɗe, rabin kalma a ciki,
cokali a sama, bai isa ba, bai koma ba.
Ni kuwa ina nan kan tudu, teku a ƙarƙashina,
ina yi wa hoto magana kamar taɓaɓɓe.

Na kashe rauta, na ƙirga talatin,
yadda yaron kamfani ya ce a waya.
Na kunna. Fitilu suka farka ɗaya bayan ɗaya,
kore, kore, kore,
ta huɗun tana ƙifta ido
irin na wanda kake bi bashi in kun haɗu a kasuwa.
Hoto ya dawo. Na ce na yi maganinta.
Washegari takwas ta ƙaryata ni.

Na zargi teku. Gishirinsa ya ci ƙarfen taga,
ya ci kwanon rufi, me zai hana shi cin waya?
Na sayo sabon kebul, shuɗi, mita biyar.
Na zargi jikan Doña Clotilde,
na ce shi ke tsotse mini sabis ta bango.
Na canza kalmar sirri, na manta ta,
kwana biyu ina ƙwanƙwasa ƙofar gidana.

Kwamfutar ma ta sha tuhuma.
Na sabunta, na share abin da ban san sunansa ba,
saura ƙiris hotunan bikin Ximena su bi ruwa.
Da rana fa lafiya lau,
in karanta labarai, in biya kuɗin wuta.
Daren ne kawai. Takwas ɗin ce kawai.

Ranar Talata Baltasar mai gyara ya iso
yana haki, matakala ɗari da sha biyu ya hawo.
Ya auna, ya leƙa sandar waje, ya ɗaga kafaɗa:
"Don Eleuterio, layinka ya fi nawa lafiya."
Ciwo ne mai ɓuya in likita ya shigo.
Na ce, zauna, ka ga takwas da idonka.
Na haɗa masa shayi.

Takwas saura biyu na kira Montreal.
Ta ɗauka, farantinta a gabanta,
don alkawari ne tun rasuwar uwarta:
ba wanda zai ci shi kaɗai.
Na miƙe na zuba miyar wake,
na tura ta cikin na'urar ɗumama abinci,
na murɗa minti uku.
Na'ura ta fara gurnani.
Ximena ta daskare.

Baltasar ya ajiye kofi.
Ya dubi rautar a kan firji,
ya dubi mai gurnanin, taƙi ɗaya tsakaninsu,
ya yi dariya har da dukan cinya.
"Hanya ɗaya suke bi a iska,
babba kuma ba ya kauce wa ƙarami."

Wata huɗu ina farautar ɓarawo a unguwa,
ashe hannuna ne, ashe yunwata ce.

Ya ɗauke rautar zuwa falo, kan kantar littattafai,
kusa da hoton Amparo da malafarta ta bakin ruwa.
Ya taɓa wani abu a saiti, ya ce ta sauya layi.
Bai karɓi ko peso ɗaya ba.
Miyar waken dai ya cinye.

Yau kwana tara ba ta yanke ba.
Amma har yanzu tun bakwai da rabi nake ɗumama miya,
in kife mata faranti, in zauna jira.
Ximena ta ce, "Papá, ai an gyara."
Na ce na sani.
Da ɗan sanyinta nake sha,
ina kallon cokalinta yana tashi,
yana isa.