Shirun da ke Bayan Minshari

Ba minsharinka ke hana ni barci ba, Labbo,
na saba da shi tun zuwanmu Aliero.
Shirun da ke biyo bayansa ne.

Ka ja, ka ja, kamar injin ban-ruwa a fadama,
sai ɗif.
Ƙirji na kokawa, iska ta ƙi wucewa.
Ina ƙirgawa a duhu: goma, sha biyar, ashirin da uku,
kafin ka zabura kamar wanda aka tsamo daga rijiya.
Da safe ka ce lafiya ka kwana,
kana dafe da kai.

Inna ta ce dannau ne, aka turara ɗaki.
A tasha suka naɗa ka Sarkin Gyangyaɗi,
ana ta dariya, har ranar da motar albasa
ta sauka daga titin Jega, idonka rufe, rana tsaka.

A Birnin Kebbi ka kwana asibiti,
waya a yatsa, ɗamara a ƙirji.
Likita ta juyo mana takardar:
maƙogwaro ke rufewa in jiki ya saki,
sau arba'in cikin awa guda.
Rage tumbi, in ji ta, kwanta ta gefe,
ga na'urar da za ta riƙa tura maka iska.

Buhu tara muka sayar, har da kuɗin batir.

Yanzu takunkumi a hancinka,
ɗaki sai huci mai laushi.
Ni ce dai har yau nake farkawa,
in kasa kunne, in fara ƙirga.
Ban kai biyu ba ka numfasa.