Kunnuwana a Yaba

Ruwa ne ya kore ni, ba sha'awa ba.
Na baro Mil Sha-biyu da warin albasa a riga,
hadari ya tsinke a Yaba kamar an kwance bakin salka,
na faɗa ƙofar farko da na gani a buɗe.

Ashe ɗakin masu zane ne.
Takardu a igiya kamar shanyar kilishi,
bango ba masaka tsinke.
Na ja numfashi zan yi tsaki,
sai ga danfo an mai da ta akuya mai ciki,
kawunan fasinja na leƙe ta haƙarƙari,
kwandasta na lilo a wutsiya,
bakinsa ya fi jikinsa girma.
A ƙasa, da ƙananan baƙi: Ejiro.

Tsakin ya maƙale.

Gaba kaɗan, sauro ne da kwat da jaka
ya zo karɓar kuɗin haya.
Wata mata ta goya janareta,
tana jijjiga shi ko zai yi shiru.
Na Morenike ne, aka ce.
Layinta duk fitsarin sa,
ko ba ta iya miƙewa ba, ko ta iya ta ƙi.
Ni dai na san matar nan,
ɗakinta na kallon nawa.

Wani kuma ya zana cunkoson gada:
saurayi ya shiga mota a Ketu da baƙin gashi,
ya sauka Obalende da furfura,
jikoki na riƙe masa sanda.

Rabona da dariya
tun ranar da motar albasata ta kwana shida a Jebba
ta iso tana hawaye.
Yau ga ni dafe da bango,
hula ta faɗi ban ɗauka ba.

Na tuna abin da ake faɗa kan zanen mai rai,
na sake duban akuyar.
Wannan kam ko an aiko ran
ba zai gane gida ba.

"Sannu, Baba."
Hausa ce, amma ta sha ruwan Ikko.
Sagiru, haihuwar Agege,
fensir a kunne, tawada har gwiwar hannu.
Ya ce in zauna kafin ruwa ya ɗauke.
Ya dube ni sau uku kacal,
yadda mahauci ke duban rago,
hannunsa na ta ƙaiƙayi a takarda.

Da ya juyo min da ita:
wuya kamar muciya,
hula na neman taɓo rufi,
kunnuwa kuwa, faifai biyu.
Na ce, yaro, waɗannan na wa?
Ya ce, "Naka ne, Baba.
Ragewa ma na yi, takarda ta kasa."

Na yi ciniki don kada a raina ni,
na biya abin da ya faɗa.

Sai bayan isha na isa Idi-Araba,
takardar a cikin riga, jikin fata.
A bangon bayan ɗaki, inda Gwamma
ta taɓa ɓata min da gawayi,
na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo,
na bi da farar ƙasa hannu biyu,
ruwan yau ya wanke aikina.
Mutumin ya dawo.
Na haska tocila, na kara takardar Sagiru.
Hular daban, wuyan daban,
kunnuwan uwa ɗaya uba ɗaya.

Tana bakin ƙofa, ta ƙi matsowa.
Shekararta tara.
Na ce, gobe zan biya ta Yaba,
fensir wane iri ake saye?
Amma kunnen nan, Gwamma, a taimaka a rage.

Ta duba bango, ta dube ni.
"Baba, to ka fara ragewa."