Tutsu

Ranar Talata ta fara, a gonarmu ta arewacin Minnesota.
Sanyi ya daskarar da ruwan kwami,
shanu tamanin suna kuka a rumfa, suna jiran harawa.
Kakana Orvin ya hau ƙaramar katafila,
wadda ba ta da sitiyari sai liba biyu, dama da hagu.
Ya tura, ta zabura,
ta daki ƙasa da tayoyin gaba, ta ɗaga na baya,
ta yi zillo kamar maraƙin da aka kwance wa igiya.
Rabin harawar ya zube a kan dusar ƙanƙara.
Ya sauko yana tsaki: "Ta fara tutsu."

Muka soma daga inda aljihu ba ya ciwo.
Geji a bakin kowace taya:
uku lafiya, ta hagu ta baya iskarta ta ragu.
Muka ba ta iska. Ta ci gaba da rawa.

Na zaro sandar awon mai, na haska tocila.
Da akwai kumfa, da mun ce iska ta shiga tiyo.
Da ya yi fari kamar madara, da mun ce ruwa ne.
Man nan garau yake.
Duk da haka muka canza filta,
don kada a ce ba mu yi ba.

Laraba muka ɗora ta a kan katako,
muka buɗe akwatin sarƙa, baƙin mai har gwiwar hannu.
Ta dama ta yi sako-sako, yatsa biyu.
Muka ɗaure. Orvin ya ce, "An kama ɓarawo."
Ba a kama ba.

Alhamis Aili Rautio ta zo daga gari
a motarta mai warin dizal da kofi.
Ko inji ba ta tayar ba.
Ta kama liba, ta ja, ta saki,
libar ta koma a fusace kamar an mare ta.
"Ga shi nan."
'Yar shokozoba ce, tsawon tafin hannu,
aikinta ta riƙe liba, ta hana ta saurin fushi.
Man cikinta ya tsiyaye tun lokacin girbi.
"Mota ta yi tsalle, hannunka ya motsa.
Hannunka ya motsa, mota ta ƙara tsalle.
Kowa yana mayar wa kowa, babu mai yin shiru."
Noti biyu, dala sittin.

Na hau. Ta tafi sumul, kamar kwalekwale a tafki da rani.
Na kai harawa, na kwashe kashin shanu,
na juya a wuri ɗaya,
cokali bai yar da ko tsinke ba.

Sai Orvin ya hau.
Ta wuce rijiya lafiya.
Sannan, a hankali, ta soma gyaɗa kai.
Ba tutsun Talata ba ne, wata 'yar karkarwa ce,
irin ta kofin da yake riƙewa da hannu biyu tun Satumba,
irin ta maɓallin da nake ɓalla masa da safe
ina yi kamar wuyan rigar nake gyarawa.

Aili ta dubi takalmanta.
Ni na dubi shanu.
Ya kashe inji, ya daɗe a ciki,
hannun dama a kan liba, na hagu ya danne shi,
numfashinsa yana fita fari.

Da ya sauko ya ce, "Sabuwar ba ta kai tsohuwar ba."
Aili ta ce, "Gaskiya ne. Yanzu ba sa yin su da ƙarko."

Ya miƙo mini makulli, idonsa a wani wuri.
"Maren, ki rage totur a kan ƙanƙara.
In da kaya, cokali ƙasa-ƙasa."
Ya nufi rumfa da ƙafa,
ya ɗauki manjagara a bayan ƙofa.
Shanun suka miƙo wuya.