Mai Albasa a Gaban Alƙali

Albasa nake sayarwa a kasuwar Tawa,
ta Galmi, mai jan ɓawo, buhu bisa buhu.
Shekara talatin ina zaune da abin da ke sa ido ruwa
ba tare da ya mari kowa ba.
Na zaci na sauke karatun hawaye.

Ran Lahadi, kasuwa na ci,
Shafa'atu ba ta kawo mini fura ba.
Na tarar da ita bayan randa
a naɗe, kamar tabarmar da baƙi suka tashi a kai,
waya a ƙasa tana ta makyarkyata.

Fuskarta ce.
Ga tabon murhu a haɓa, na tun tana shekara huɗu.
Sauran jikin ba nata ba ne,
wani tela marar allura ya ɗinka mata shi.
A ƙasa an rubuta: jika hamsin kafin Juma'a,
ko duk lise ta gani.
Ban yi boko ba.
Ita ta karanta mini, kalma bayan kalma, da bakinta.
Wannan ne har gobe ban yafe ba.

Yayana ya ce a rufe,
ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.
Na ce, Yaya, sana'ata ta koya mini:
ruɓaɓɓiya ɗaya in ka ɗaure buhu a kanta,
kwana bakwai ka zubar da buhun.

A komisariya wata mai kaki, Madam Habsu,
ta kore ni gindin bedi,
ta ja kujera kusa da yarinyar.
Abin da na jiyo ta taga kaɗai:
kada ki goge kome, ɗiyata,
sawun ɓarawo ba a share shi.

Sati uku.
Ina hasashen wani ƙato a wata ƙasa mai nisa,
ashe Attahiru ne, mai cajin waya a bakin layinmu,
wanda ke rusuna mini ya ce Baba,
wanda nake auna wa tiya bashi don uwarsa.
Dala ashirin take ba shi ya cika mata batir,
shi kuwa yana kwashe ta.

Dattawa suka zo bayan isha'i
da goro da ambulan mai kauri.
Yaro ne, in ji su, ƙuruciya ce.
Na ce, ita fa? Tsohuwa ce?
Goron ya koma yadda ya zo.

A kotu fanka na juya zafi,
Faransanci na wuce ni kamar motar Agadas.
Tafinta ya sunkuyo ya ce:
abin nan yana da suna a cikin doka.
Ban riƙe lambar ba.
Na dai riƙe cewa yana da suna,
kuma sunan ba na ɗiyata ba ne.
Alƙali bai tambaye ta don me ta ɗauki hoto ba.
Ya tambaye ta ko tana son ruwa.

Suka ƙidaya masa watanni.
Ni wayoyi nake ƙidayawa,
waɗanda abin ya kwana a cikinsu,
daga nan har Ƙonni, har inda ban sani ba.
Wannan lissafi babu alƙalin da ya iya shi.
Uwar Attahiru ta wuce ni a ƙofa,
ba ta dube ni ba, ban dube ta ba.

Ran Litinin ta goge rigar lakkwal da kanta.
Na ɗauke ta a moto.
Na ce ko in sauke ki ta baya, inda babu mutane?
Ta ce a'a, Baba, bakin ƙofa.
Ta shiga, ƴan aji na kallo,
ba ta yi sauri ba.

Wayar tana can hannun kotu, a liƙe cikin takarda.
Jiya ta tambaye ni yaushe za a maido mata.

Na koma rumfa.
Wata ta taya, ta ce in nuna mata ciki.
Na yanka ɗaya, na yanka ta biyu,
na yanka wadda ba ta ce ba,
don kada maƙwabcin rumfa ya tambaye ni
me ya sami idona.