Sawun Amalanke

Ni ke riƙe da makullin ɗakin nan,
wanda kakan kakana Vaclav ya ɗora
da yankan ƙasa, ciyawa da saiwarta,
don a wannan fili na Nebraska
ko sandar kiwo sai ka yi tafiyar yini.

Ran Asabar nake buɗewa.
Masu keke su jingine kekunansu a shinge,
masu fatsa su hau daga kogi
da ƙarnin kifi a hannun riga,
su sa dala biyu a gwangwanin shayi,
su duƙa su shiga, ƙofar ba ta san dogo ba.

Ga tukunya, ga dutsen wasa wuƙa,
ga takalmin yarinya, ƙafa ɗaya.
Kowa sai ya tambayi ɗayar.
Ban sani ba. Kakata ma ba ta sani ba.

Bayan ɗaki sawu biyu sun ratsa tudu,
inda amalanken shanu suka bi suka yi yamma.
Shekara ɗari da ɗoriya ruwa na zuba,
ƙanƙara na kwanciya tana tashi,
ƙasa ta ƙi haɗe bakin miki.
Yara kan kwanta ciki a ɗauke su hoto,
na bar su, ai hanya don a bi ta aka yi.

Bara, lokacin da gauraki suka cika rairayin kogi,
wata dattijuwa ta zo, Verna, daga Oklahoma.
Ba ta shiga ɗakin ba.
Ta tsaya tana duban gangare, iska na kaɗa mayafinta,
ta ce, can mutanenmu Pawnee suka shuka masara,
tun shanunku ba su ga wannan kogi ba.

Na laluba bakina ban sami magana ba.
A allon da na rubuta da hannuna
an ce mu ne na farko.

Na dafa mata gahawa, muka sha a kan kututture,
rana na faɗuwa tsakanin sawun nan biyu,
masu tanti na hura wuta a ƙasa,
wani yaro na kiran karensa.

Da damina ta kama na sauke allon.
Yana jingine a rumfa, fenti ya bushe,
rabinsa fari.
Verna ta ce za ta dawo da kaka,
ita za ta faɗa, ni in rubuta.